Sharhi: Manyan finafinan bazara da ƙananan finafinai, wa ke da allon sinima?

Daga Juma'ar farko ta watan Mayu zuwa Litinin ta farko ta watan Satumba, kamfanonin Hollywood kan saki finafinan da suka fi narka wa kuɗi. Wannan shi ne lokacin bazara a Amurka, sa'ad da makarantu ke hutu, iyalai kuma ke neman wurin shaƙatawa. A waɗannan watanni huɗu kaɗai gidajen sinima na Amurka da Kanada kan yi kusan kashi 40 cikin 100 na cinikin tikitinsu na shekara.

Duk shekara kuma muhawara guda ce ke dawowa. Wasu na ganin manyan finafinan, masu cike da faɗace-faɗace da siddabarun kwamfuta da maimaita tsohon labari, sun mamaye kasuwa sun danne fasaha. Wasu kuwa na cewa ba don su ba da tuni gidajen sinima sun rufe, ƙananan finafinan ma sun rasa inda za a haska su.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Sai dai tarihin sana'ar da alƙaluman ciniki na nuni da cewa tushen gardamar yana wurin rabon allo: wane fim za a haska, a ɗaki nawa, da ƙarfe nawa, kuma na tsawon kwana nawa.

Yadda al'adar ta samo asali

Kafin tsakiyar shekarun 1970, babban fim kan fara ne a gidajen sinima kaɗan na manyan birane, sannan ya riƙa bazuwa sannu a hankali gwargwadon yadda jama'a suka karɓe shi. A watan Yunin 1975 kamfanin Universal ya sauya salo da fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane. An buɗe shi a gidajen sinima sama da 400 a rana ɗaya, bayan an cika talabijin da tallarsa. Cinikin da ya yi ya zarce na duk wani fim da ya gabace shi. Shekara biyu bayan haka Star Wars ya fito a watan Mayu ya karya wannan tarihi, daga nan bazara ta zama kakar girbin Hollywood.

Salon ya ci gaba da faɗaɗa. A ƙarshen Afrilun 2019 an buɗe Avengers: Endgame a gidajen sinima sama da 4,600 a Amurka da Kanada, ya kuma tara fiye da dala biliyan 1 a faɗin duniya cikin 'yan kwanakin farko.

Fim irin wannan kan ci dala miliyan 200 ko fiye wajen shiryawa, ban da kuɗin talla. Saboda haka kamfani ba ya iya jiran labari ya zaga daga baki zuwa baki. Dole ya kwashi kuɗi mai yawa a makon farko, kuma hakan ba ya yiwuwa sai ya kama ɗakuna masu yawa da lokutan da jama'a suka fi fitowa.

A nan ne ƙarfin manyan kamfanoni ke bayyana. A 2017 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Disney ya gindaya wa gidajen sinima sharaɗin ba shi kimanin kashi 65 cikin 100 na kuɗin tikitin Star Wars: The Last Jedi, tare da haska fim ɗin a ɗakinsu mafi girma har mako huɗu. Ga gidan sinima mai ɗaki ashirin wannan ba wani abu ba ne. Amma ga na ƙaramin gari mai allo ɗaya, ma'anarsa ita ce wata guda cur babu wani fim da zai shigo.

Hujjar masu suka

Fitaccen wanda ya yi magana a madadin masu suka shi ne darakta Martin Scorsese. A watan Oktoban 2019 ya shaida wa mujallar Empire cewa finafinan kamfanin Marvel sun fi kama da filin wasan lilo na yara fiye da sinima kamar yadda ya san ta. Da cece-kuce ya yi yawa, sai ya rubuta maƙala a jaridar New York Times, inda ya bayyana cewa babbar damuwarsa ita ce yadda irin waɗannan finafinai suka cika alluna har masu wani salo na daban suka rasa gurbi. A ganinsa, idan abu ɗaya ake ta miƙa wa jama'a, ba abin mamaki ba ne a ce shi kaɗai suke nema. Shi kansa a wannan shekarar Netflix ne ya ɗauki nauyin fim ɗinsa The Irishman, wanda bai daɗe a sinima ba.

Spielberg, wanda fim ɗinsa ya assasa wannan al'ada, shi ma ya yi gargaɗi tun a 2013 a Jami'ar Kudancin California cewa akwai ranar da manyan finafinai da dama za su faɗi a jere, su girgiza masana'antar.

Bazarar 2023 ta ɗan gaskata shi. Indiana Jones and the Dial of Destiny, wanda ya ci kusan dala miliyan 300, bai kai ga tara miliyan 400 ba a duniya baki ɗaya. Tun da gidajen sinima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, wannan asara ce babba. The Flash ma haka ya ƙare.

Hujjar masu karewa

Masu gidajen sinima kuwa lissafinsu daban ne. Suna biyan haya da wutar lantarki da albashi ko ɗaki ya cika ko bai cika ba, kuma babban kaso na ribarsu daga gugguru da lemo yake fitowa, wanda sai da taron jama'a ake sayarwa. Annobar korona ta nuna raunin sana'ar. A watan Satumban 2022 kamfanin Cineworld, na biyu mafi girma a duniya a lokacin, ya nemi kariyar kotu saboda bashin da ya yi masa katutu.

Abin da ya dawo da jama'a shi ne manyan finafinai. Top Gun: Maverick ya tara kusan dala biliyan 1.5 a 2022, har Spielberg ya shaida wa jarumin fim ɗin, Tom Cruise, cewa ya ceto Hollywood. A ranar 21 ga Yulin 2023 Barbie da Oppenheimer suka fito tare. Na farko ya haura dala biliyan 1.4, na biyu ya zarce miliyan 900, cinikin bazarar kuma ya kai dala biliyan 4 a Amurka da Kanada a karon farko tun bayan annobar. Bazarar 2024 da ta 2025 ba su kai wannan adadi ba.

A ganin wannan ɓangare, da ruwan ciki ake jan na rijiya: ribar babban fim ce ke ba gidan sinima damar ware ƙaramin ɗaki ga fim ɗin da ba zai cika kujeru ba.

Abin da ƙaramin fim ke buƙata

Alƙaluma ba su nuna cewa jama'a sun ƙi ƙananan finafinai ba. A bazarar 1999 The Blair Witch Project, wanda aka ɗauka da kuɗi kaɗan, ya tara kusan dala miliyan 250. A bazarar 2023 Sound of Freedom, wanda bai kai dala miliyan 15 ba wajen shiryawa, ya fi Indiana Jones ciniki a Amurka, ko da yake tsarinsa na sayen tikiti domin wasu su kalla kyauta ya jawo tambayoyi. A bazarar 2024 Longlegs na ƙaramin kamfanin Neon ya haura dala miliyan 100.

Misalin da ya fi fito da batun fili shi ne My Big Fat Greek Wedding na 2002. An shirya shi da kimanin dala miliyan 5, ya fara a gidajen sinima kusan 100, bai taɓa zama na ɗaya a jerin cinikin mako ba, amma ya shafe kusan shekara ana haska shi har ya tara sama da dala miliyan 240 a Amurka. Jarinsa shi ne lokaci: wanda ya kalla ya gaya wa ɗan'uwansa, shi ma ya je.

Wannan lokacin ne ya ƙaranta. Kafin annobar, fim kan yi kimanin kwana 90 a sinima kafin a same shi a gida. A Yulin 2020 Universal da kamfanin sinima na AMC suka ƙulla yarjejeniyar da ta ba da damar rage wa'adin zuwa kwana 17, sauran kamfanoni kuma da yawa suka tsaya a wajen kwana 45. Mai kallo da ya san ƙaramin fim zai iso wayarsa nan da mako uku ba zai yi gaggawar sayen tikiti ba. Ya fi son ya adana kuɗinsa don fim mai buƙatar babban allo.

Shi ya sa Sean Baker, wanda fim ɗinsa Anora na dala miliyan 6 ya lashe kyautar Oscar biyar a Maris ɗin 2025, ya yi amfani da jawabinsa wajen roƙon masu rarraba finafinai da su fifita sinima, yana mai tunatar da cewa Amurka ta yi asarar alluna kusan 1,000 a lokacin annobar.

Akwai kuma abin da manyan kamfanonin kansu za su rasa. Christopher Nolan, mai Oppenheimer, ya fara ne da Following a 1998, da kuɗin da ba su wuce 'yan dubban daloli ba. Greta Gerwig ta yi Lady Bird kafin Barbie. Ryan Coogler ya yi fice da Fruitvale Station a bikin finafinai na Sundance a 2013 kafin a damƙa masa Black Panther. Daga ƙananan finafinai ake samun irin da manyan ke shukawa.

Rawar da doka ke takawa

Ƙasashe sun bambanta wajen tunkarar lamarin. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Paramount, wanda ya raba manyan kamfanoni da gidajen sinimarsu, ya kuma hana tilasta wa mai sinima karɓar finafinai a dunƙule. A 2020 wata kotun tarayya ta soke waɗannan ƙa'idoji, a 2024 kuma Sony ya sayi kamfanin sinima na Alamo Drafthouse.

Faransa kuwa tun 1948 take cire haraji daga kowane tikiti, wanda a yau ya ɗan haura kashi 10 cikin 100, tana zuba shi a asusun tallafa wa finafinai da gidajen sinima na cikin gida. Ta haka mai kallon fim ɗin Hollywood a birnin Paris yake taimaka wa ƙaramin fim ɗin Faransa. Koriya ta Kudu ta wajabta wa gidajen sinima haska finafinan gida na wasu kwanaki a shekara, adadin da aka rage daga 146 zuwa 73 a 2006.

Inda batun ya shafi Najeriya

A Najeriya kakar girbin ita ce Disamba. Black Panther: Wakanda Forever ya haura naira biliyan 1 bayan fitowarsa a ƙarshen 2022. A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a Disamban 2023, ya zama fim ɗin gida na farko da ya kai wannan adadi, sannan Everybody Loves Jenifa ya zarce shi shekara guda bayan haka. Wannan nasara ce ga masana'antar, amma tana nuna cewa yanzu ƙaramin fim na gogayya da giwaye biyu, na waje da na gida.

Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 alluna 'yan ɗaruruwa kawai take da su, akasarinsu a Legas da Abuja da wasu biranen kudu. Mami Wata na C.J. Obasi ya samu kyauta a Sundance a 2023, amma masu shi sun koka a bainar jama'a kan yadda aka tafiyar da haska shi a gida. My Father's Shadow na Akinola Davies Jr. ya zama fim ɗin Najeriya na farko a jerin zaɓaɓɓun bikin Cannes a 2025. Finafinan Hausa biyu, The Milkmaid da Mai Martaba, sun wakilci ƙasar a neman kyautar Oscar. Duk da haka yawancin masu shirya finafinan Hausa sun karkata ga YouTube da tashoshin talabijin, domin gidajen sinima na zamani a arewa ba su taka kara sun karya ba.

Don haka tambayoyin da ke gaban Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda ke ba masu rarrabawa da masu haskawa lasisi, da Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, a bayyane suke. Shin za a tanadi mafi ƙarancin kwanakin da fim zai yi a allo kafin a sauke shi? Shin za a ware wani kaso na kuɗin tikiti don tallafa wa sababbin masu shiryawa, kamar yadda Faransa ke yi? Kuma wa zai zuba jari a ƙananan gidajen sinima masu rahusa a garuruwan da ba su da ko ɗaya?

Masu gidajen sinima za su ce duk wata ƙa'ida ƙarin nauyi ce a kan sana'ar da tsadar dizal da hauhawar farashi suka riga suka takura, kuma wannan ƙorafi ne da ya cancanci a saurara. Amma muddin ana sanya ƙaramin fim da ƙarfe 11 na safiyar ranar aiki, a kuma sauke shi bayan mako guda, cinikinsa ba zai zama ma'aunin abin da jama'a ke so ba.