Sirrin Matar Aure Amana Ce A Hannun Mai Bincike

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa, a shekarun 2008, 2013 da 2018 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Nijeriya ta tura ma'aikatanta gida-gida domin binciken lafiyar iyali, kuma cikin tambayoyin akwai na duka, wulaƙanci da tilastawar da mata ke sha a hannun mazajensu. Sakamakon 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure, 'yan shekara 15 zuwa 49, sun gamu da aƙalla ɗaya daga ciki. Mu ba mu ga aibun irin wannan bincike ba, domin ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Sai dai muna cewa amsar da mace ta bayar amana ce, kuma lafiyarta ta fi kowane adadi daraja.

Dalili kuwa a fili yake. Mai bincike zai naɗe takardunsa ya tafi, ita kuwa a gidan za ta kwana. Idan maigida ya ji abin da ta faɗa, tambayar da aka yi don taimakonta sai ta jawo mata sabon duka ko saki.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa ƙa'idoji a 2001, ta kuma yi aiki da su a binciken da ta gudanar tsakanin 2000 da 2003 kan mata fiye da 24,000 a ƙasashe 10, ciki har da Habasha, Tanzaniya da Japan. Na farko, a gabatar da aikin ga mutanen gida da sunan binciken lafiyar mata, ita kaɗai za a bayyana wa ainihin tambayoyin, ta yarda ko ta ƙi. Na biyu, mace ɗaya tak za a tambaya a kowane gida. Duk wanda ya san zaman kishiyoyi ya san hikimar wannan, domin in an tambayi biyu, sirri ya fita. Na uku, mace 'yar'uwarta da aka horar ce za ta yi tambayar a keɓe, in wani ya shigo a juya zance zuwa batun lafiya. Na huɗu, kada a bar ta da hawaye hannu rabbana, a gaya mata inda za ta sami taimako.

Mun san wani ɗan'uwa zai ce: yaya baƙuwa za ta keɓe da iyalina ban san abin da suke faɗa ba? Babu shakka haƙƙinsa ne ya san wanda ke shiga gidansa da hukumar da ta aiko shi. Amma in ya zauna a wurin, tsoro zai sa matar ta ce lafiya lau, adadin ya fito kaɗan, hukuma ta ɗauka babu matsala, waɗanda ake zalunta kuma su ci gaba da shan wuya. Mai kyautata wa iyalinsa ba ya asarar komai in an keɓe da ita.

Don haka muna kira ga malamanmu da masu unguwanni, kafin su ba masu bincike izini, su tambaye su: wa zai ga amsoshin, a ina za a adana su, ina za a tura wadda ta nemi agaji? Haka ɗalibanmu na jami'a masu rarraba takardun tambaya, lalle su sani cewa neman digiri ba ya halatta jefa baiwar Allah cikin haɗari. Wanda ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, wajibi ne ya haƙura da tambayar.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum.