Ra'ayinmu: Hanyar Da Mota Ba Ta Bi, Wa Zai Zana Ta?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a darasin labarin ƙasa mun koyi cewa safiyo ne ke auna ƙasa kafin a zana taswira. Yau motoci ma suna zana ta da sawunsu.

Ga yadda abin yake. Wayar direba, ko na'urar bibiya da aka liƙa wa mota, tana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam na GPS, tana rubuta inda motar take duk bayan 'yan daƙiƙu. Sawun mota ɗaya yakan kauce da 'yan mitoci, amma idan ɗaruruwa suka bi wuri ɗaya, kwamfuta sai ta ɗauki tsakiyar sawayen ta ce nan ne titi. Inda sawaye suka gitta juna, mahaɗa ce. Inda suka yi zobe, shataletale ne. Inda kowa ya fuskanci gefe guda, titin mai hannu ɗaya ne. Da irin wannan dabara manhajar Waze ta gina taswirarta, har kamfanin Google ya saye ta a 2013.

Fasahar ta burge mu, amma muna da ƙorafi. Taswirar da sawu ya zana ba ta san komai ba sai inda masu waya da mota ke bi. Titunan birni za su fito raɗau. To, ina hanyar ƙauyen da sai babur da amalanke ke shiga? Ina burtali? Ina mashigin da ruwa ke cinyewa da damina? Wurin da babu shi a taswira, motar asibiti za ta ɓata lokaci tana nemansa, masu rabon aikin raya ƙasa kuma su tsallake shi. Ba banza ba masu rigakafin shan inna a jihohin Arewa, ciki har da Kano, suka riƙa yawo da wayoyi masu GPS don a gane garuruwan da aka kai da waɗanda aka tsallake.

Da ɗan gari akan ci gari. Tun 2004 akwai OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya ƙara mata hanya kyauta. Muna roƙon malaman labarin ƙasa da na kwamfuta su jagorance mu. A wannan hutun, duk wanda zai tafi gida ya ari wayar wani babba, ya naɗi sawun hanyar garinsu, ya rubuta sunanta da inda kwalbati yake. In an dawo mu haɗa, mu ɗora.

Sai dai a kula: sawun da ya nuna hanya yana iya tona inda mutum yake kwana. A fara naɗa daga tasha ko kasuwa, kada a fara daga ƙofar gida, kuma a nemi izinin mai wayar tukuna.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta