Ranar Da Ɗanki Ya Cika 18, Katin Asibitin Babansa Ya Daina Yi Masa Aiki

Yau wani kati nake so mu duba tare, katin nan na inshorar lafiya da muke cusawa a jaka ko ƙasan akwati, ba ma tunawa da shi sai ciwo ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Kwanakin baya ina aikin dare aka kawo wani saurayi daga Darki, ciwon ciki ya naɗe shi tun la'asar. Likita ya duba ya ce afendis ne, dole a yi tiyata kafin gari ya waye. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne, duk wata ana cire kuɗin lafiya daga albashinsa, don haka mahaifiyar ta ciro kati hankalinta kwance. Da aka duba, sai aka ga sunan yaron ya fita daga jerin iyalan gidan, domin ya cika shekara 18 wata biyar da suka wuce. Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Sista, ai ɗanmu ne. A gidanmu yake kwana, ko sisi ba ya samu." Ban da abin ce mata sai haƙuri. Kawunsa ne ya ranto kuɗi a daren, ranar Juma'a aka kora raguna biyu kasuwar Wudil aka biya bashi. Yaron ya warke, alhamdu lillahi. Amma da wani ya gaya wa uwar nan wannan magana tun da wuri, da ragunan suna nan.

Ga yadda abin yake. Tsarin inshorar lafiya na ma'aikatan tarayya, wanda ya fara aiki a 2005 da sunan NHIS, yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya, ko ma'aikaciya da mijinta, da 'ya'yan cikinsu huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, aka kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, amma iyakar shekarun 'ya'ya tana nan. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, wato KSCHMA, ita ma haka ta tsara wa ma'aikatan jiha. A Amurka, dokar 2010 ta bar yaro a kan inshorar iyayensa har ya kai 26. Mu a nan 18 ce, shekarar da yawancin 'ya'yanmu suke gama sakandare, ba aiki, ba jari, wasu ma jiran sakamakon JAMB suke yi.

Kada ki ce ai matashi ne, jininsa na tafasa, me zai kai shi asibiti? Ki tambayi duk wata nas da ke aiki a gefen titin Kano zuwa Maiduguri su wa ake kawowa da karaya bayan haɗarin babur. Ki tambaya su wa taifot ke huda wa hanji, su wa ake kawowa da naƙudar fari da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Akwai matasa da yawa a gadajen nan. A Najeriya kuwa, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, wato daga kuɗin adashinki da awakinki da ɗan kunnen da kika ajiye.

To ina mafita? Ya danganta da inda ɗanki ko 'yarki suka dosa.

Idan ya samu shiga jami'a ko kwaleji, akwai tsarin ɗalibai da ake kira TISHIP. A makarantun da ke cikinsa, kuɗin yana haɗe da kuɗin rajistar shekara, wato kun riga kun biya ko ba ku sani ba. Inda ake samun matsala shi ne yaro ya biya kuɗi amma bai taɓa taka asibitin makaranta ya buɗe fayil ba. Ko a Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil yake, ko Bayero, ko Zariya, ki sa shi ya je asibitin makaranta a makon farko, ya yi rajista, ya kuma yi tambaya biyu: idan ciwon ya fi ƙarfinsu, wane asibiti suke turawa? Idan yana gida lokacin hutu ko yajin aiki, ina zai je? Ya rubuta amsar ya turo miki. Ki kuma tuna, ranar da ya gama makaranta wannan ma ya ƙare.

Idan ya tafi yi wa ƙasa hidima, tun 2022 gwamnatin tarayya ta saka masu hidimar ƙasa cikin inshorar NHIA. Ya tabbatar an yi masa rajista tun a sansani, ya zaɓi asibitin da ke kusa da inda aka tura shi aiki. Ita ma wannan ta shekarar hidima ce kawai. Wuraren da yara suka fi faɗawa rami su ne tsakanin gama makaranta da tafiya hidima, da kuma bayan an dawo gida ana neman aiki.

Idan yana gida, ko yana koyon ɗinki ko kanikanci, ko yana bin babansa kasuwar Darki, shi ne ya fi kowa buƙatar ki tashi tsaye, domin babu wata makaranta ko ofis da za su yi masa. Hanya biyu ce. NHIA tana da tsarin GIFSHIP da aka ƙaddamar a 2020, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su iya shiga su biya kuɗin shekara. KSCHMA ma tana da tsarin waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Ki je ofishinsu, ko ki tambayi jami'in da ke kula da teburin inshora a babban asibiti mafi kusa da ke, ya gaya miki farashin bana. Idan kuna da ƙungiyar mata ko ta masu sana'a, ku tambayi farashin ƙungiya. Mu da muka iya zubin adashi don kayan ɗaki ba za mu kasa zubin shekara don lafiyar 'ya'yanmu ba.

Idan kuma 'yarki ce za ta yi aure, ki saka wannan cikin lissafin biki. In mijin ma'aikaci ne, ya kai takardun aure ya saka sunanta tun kafin ciki ya shiga, kada a bari sai watan haihuwa. In ita ce ta biyu ko ta uku, ki sani gurbin mata ɗaya ne a ainihin tsarin, sai ya je ya tambayi yadda ake ƙara mutum, ya biya. Ba rashin kunya ba ne ki aika wa surukinki da wannan saƙo ta bakin babanta ko yayanta. Awo da haihuwa da tiyatar haihuwa suna cikin abubuwan da inshora ke ɗauka, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata ana jiran a kawo kuɗi ta san darajar wannan. Ga masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, kuma masu juna biyu suna cikin waɗanda ake ba fifiko. A tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa.

Wata magana ta musamman ga uwar mai sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko ciwon suga. Ke ba ki da damar jinkiri ko na wata ɗaya. Ki fara shiri tun yana 17, ki kuma nemi a zaɓa masa asibitin da fayil ɗinsa yake, inda likitoci suka san shi. Na ga yaran da suka yi shekaru lafiya lau a kan magani, kati ya tsaya, aka fara tsallake kwanaki don magani ya kai ƙarshen wata, har aka dawo da su a sume.

Abu uku nake so ki riƙe. Na farko, sabuwar rajista ba ta fara aiki ranar da aka biya, akwai kwanakin jira. Wanda ya bari sai ciwo ya zo ya makara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, shekarar haihuwar da ke kan takarda ita hukuma ta sani. Ki duba takardar haihuwa da lambar NIN ɗinsa, ki tabbatar sun yi daidai, domin za a nemi NIN wajen rajista. Na uku, inshora ba ta ɗauke komai ba. A tsarin ma'aikata na tarayya mutum yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kuma akwai ayyukan da ba sa ciki. Ki nemi a karanta miki jerin abin da aka ɗauka da wanda ba a ɗauka ba kafin ki biya.

Na san akwai masu cewa, in na biya bai yi ciwo ba, kuɗina sun tafi a banza ke nan? Ba su tafi a banza ba, 'yar'uwa. Shi ya sa a Kano aka kira abin taimakekeniya. Kuɗinki sun yi wa ɗan wata magani bana, na wata za su yi wa naki baɗi in ta kama. In ba ta kama ba, kin ci riba biyu: ga lafiya, ga ladan taimako.

Yau da daddare, in yara sun kwanta, ki ɗauko katin nan da takardun haihuwa, ki lissafa wane ne zai cika 18 nan da shekara guda. Gobe ki tayar wa maigida da maganar, ki kuma zaunar da yaron ki yi masa bayani, ya san sunan asibitinsa, ya riƙe lambarsa a waya. Ya girma, lokaci ya yi da zai fara sanin hanyar da kansa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.