Motar Asibiti da Halinmu a Kan Hanya

Jama'a, ina so in yi magana a kan wani hali namu da ake yi kullum a gaban idon kowa, har ya kai ba ya ba kowa kunya. Watau abin da direbobi da masu tafiya a ƙasa suke yi wa motar asibiti in ta taso da jiniya, ta ɗauko wanda rai ke hannun Allah. Na san wani zai ce, mu da muka zo koyon aikin malanta, ina ruwanmu da sha'anin direbobi? To, a yi haƙuri a ji ni tukuna. Cikin masu karanta wannan mujalla ba wanda ba ya hawa hanya. Waɗansu malamanmu suna da motoci, ɗalibai da yawa suna da babura, sauranmu kuwa ƙafa ce motarmu. Kowannenmu kuma yana da uwa ko ƙane da wata rana za a iya kwantarwa a bayan motar nan.

Jiniya iri biyu ce a ƙasarmu. Akwai ta masu mulki, akwai ta majiyyata. Ku lura da abin da ke faruwa in ayarin wani babba ya doso. Tun ana jin ƙarar daga nesa, mai tirela ya sauka daga kwalta, ɗan acaɓa ya faɗa kwata da fasinjansa, mai tallan lemo ta kwashi tirenta ta yi gefe. Hanyar da aka rantse ta cushe, ko allura ba ta shiga, sai ga ta nan take ta buɗe fetal. Bayan rabin sa'a motar asibiti ta biyo wannan hanya, tana kuka irin kukan waccan, sai ka ga kowa ya zama kurma. Ashe dai mun iya kaucewa sarai. Abin da ya bambanta su shi ne, waccan tana tafe da 'yan sanda da dorina, wannan kuwa ba kowa cikinta sai nas da wani bawan Allah a kwance. Wanda zai iya dukanmu muna ba shi hanya, wanda ba shi da ƙarfin ko ɗaga hannu kuwa sai mu bar shi ya jira. Ni dai a ganina wannan shi ne gindin maganar, sauran duk rassa ne.

Na sha jin hujjojin da mutane ke kawowa, ba kuwa zan ce duka ƙarya ne ba. Ta farko, sukan ce, “Ai gawa ce a ciki.” Gaskiya ne a garuruwa da yawa motar da aka rubuta wa sunan motar asibiti ita ce ke kai mamaci garinsu, ana tafe ana busa jiniya, alhali wanda ke ciki ya riga ya gama gaggawarsa ta duniya. Ta biyu, sukan ce direban ne kawai yake son ya tsere wa cunkoso ya je ya ci abinci. Wannan ma akan yi. Ta uku kuwa, wadda ta fi nauyi, ita ce manya sun riga sun ɓata jiniya. Dokokin hanya na ƙasa na shekarar 2012 sun ƙayyade waɗanda aka yarda su yi amfani da ita, amma duk wanda ya sami 'yan kuɗi da ɗan sanda ɗaya sai ya ɗaura wa motarsa. Mu da ke gidan ilmi ba mu manta ba da Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2013 kusa da Lokoja, yana kan hanyarsa ta zuwa taro a Kano, sa'ad da wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na wancan lokaci ta yi karo da motar da yake ciki. Mutanen da suka saba ganin irin wannan, ba abin mamaki ba ne in ƙarar jiniya ta zama abin da ke tayar musu da haushi.

Duk na yarda. Amma ina roƙon mai wannan hujja ya zauna mu yi ɗan lissafi, tun da lissafi na cikin abin da ake koya mana. A ce motar ba kowa cikinta, ka kauce mata. Me ka yi hasara? Minti ɗaya, da ɗan haushin an yi maka wayo. A ce kuma akwai mutum ciki, ka ƙi kaucewa. Me shi ya yi hasara? Kai da kake zaune bayan sitiyari ba ka ganin cikin motar, gilasanta a rufe suke. Wanda bai san abin da ke cikin tukunya ba, ai ba ya harbinta da ƙafa don ya gane. Direban da ya yi wasa da jiniya, hukuncinsa yana wuyan asibitin da ya ɗauke shi aiki da hukumar kiyaye haɗurra. Ba a ɗora maka wannan alƙalanci ba, balle ka yanke shi a tsakiyar titi da ran wani.

Watakila abin da ya sa muke sakaci shi ne ba mu san darajar minti ba a wurin majiyyaci. Likitoci sun tabbatar cewa in zuciya ta tsaya, jini ya daina kai iska ƙwaƙwalwa, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwar za ta fara lalacewa, lalacewar da ba ta gyaruwa. Mace kuwa in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ko da lafiyayya ce, tana iya cikawa cikin sa'a 2 in ba a tsayar da shi ba. Ku tuna sa'a biyun nan ba daga bakin titi ake fara ƙirga su ba. An riga an cinye wani abu a gida ana shawara, an cinye wani wajen neman mota, an cinye wani a ƙaramin asibitin da ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya tura ta babba. Ɗan guntun da ya rage shi ne wanda kai kake tsaye a kansa kana cinikin gyaɗa ta taga. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020, cikin matan da suka rasu a duniya duka ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne. Ban ce hanya ce ta kashe su duka ba, dalilai suna da yawa. Amma jinkirin isa asibiti yana cikin manyansu, shi ne kuwa wanda talaka kamar ni da kai yake da hannu a ciki.

Tun asali ma don sauri aka ƙago abin. Wani likitan sojan Faransa, Dominique Larrey, wajen shekarun 1790, ya ga ana barin waɗanda aka yi wa rauni a fagen fama sai an gama yaƙi, kafin a zo kansu da yawa sun mutu. Sai ya shirya waɗansu kekunan doki marasa nauyi masu kwaso su tun ana cikin ɗauki ba daɗi. Motar asibitin da aka hana ta sauri, ba ta fi keken shanu ba, sai dai fenti.

Bari in zo kan direbobi. Akwai wanda yana ji, yana gani a madubi, amma ya ce ba mai wuce shi, sai ya ƙara wuta yana tsere a gabanta, har ya zo inda zai juya ya taka burki ba sigina. Akwai wanda tsoro ke kamawa, ya tsaya cak a tsakiyar hanya kamar an dasa shi, shi kuwa ya fi kowa toshe ta. Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai bin baya. Mutanen kirki sun matsa sun buɗe ɗan fili, motar ta shige, sai ka ga motoci biyar da babura goma sun manne a gindinta kamar ƙudaje, suna cin arzikin ciwon wani. Ba su ko tunanin cewa in ta taka burki farat ɗaya, su ne za su afka mata ta baya, daidai ƙofar da kan majiyyacin ko ƙafarsa take. Waɗanda suka kauce kuma in sun ga haka sai su ce, “Af, ashe mu ne wawaye,” gobe ba za su kauce ba. Da haka mugun hali ɗaya yake haifar goma.

Abin da ya kamata ba shi da wuya. In ka ji jiniya, rage rediyo, sauke gilas, duba madubi. Don saboda madubin nan ne ake rubuta sunan motar a juye a goshinta, domin wanda ke gaba ya karanta shi daidai. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka sai ka sa sigina, ka gangara dama a hankali, ka tsaya inda ba kwana ba, ba kan gada ba, ba bakin mahaɗa ba. In ta wuce kada ka yi wuf ka koma, dakata kaɗan, gama sau da yawa wata tana biye. A Jamus suna da wata dabara da na so a ce mun ara. A manyan hanyoyinsu da zarar motoci sun fara tafiyar hawainiya, tun ba a ji jiniya ba, na layin hagu sai su matsa hagu, sauran duka su matsa dama, a bar fili a tsakani. Doka ce, wanda ya ƙi tara zai biya. Ba kwalta ta musamman suke da ita ba, wuri ne kowa ya rage wa kansa taku biyu.

Masu tafiya a ƙasa kuma kada su ce sun tsira, gama laifinsu bai gaza na direbobi ba. Sau nawa muka ga mutum ya hango motar tana zuwa, ya auna da ido, ya ce zai riga ta, ya sheƙa a guje ya tsallake? Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya, watau kafin ka ce kwabo ta wuce tsawon aji biyu. Ko da ka tsallake lafiya, ka sa direba ya taka burki da ƙarfi. A lokacin nan watakila nas tana tsaye a baya da allura a hannu tana neman jijiya, ko tana riƙe da wuyan wanda ya karye a gadon baya, wanda girgiza ɗaya ta isa ta bar shi a kwance har ƙarshen ransa. Ga kuma samarinmu da 'yammatanmu masu toshe kunne da igiyar waya suna jin kiɗa a kan titi. Waɗannan ko aradu ce ta faɗi ba su ji, balle jiniya. Ina faɗin wannan ne ina sane da cewa a bakin ƙofar makarantu irin tamu aka fi ganinsu.

Sa'an nan ga taron 'yan kallo. In haɗari ya auku, kafin motar asibiti ta iso mutum ɗari sun kewaye wurin. Cikinsu akwai masu taimako na gaskiya, Allah ya saka musu. Amma mafi yawa sun ɗaga waya ne suna ɗaukar hoton mutumin da ke cikin jini don su watsa a Facebook, har danginsa su gan shi a waya kafin a zo a yi musu bayani. Motar ta iso ta rasa inda za ta tsaya, masu gadon ɗaukar majiyyaci suna roƙon a ba su hanya kamar masu bara. Wayar nan da ke hannunka, da 122 ka buga da ita, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112 ta neman agajin gaggawa, sa'an nan ka ja da baya ka ja na kusa da kai, da ka yi aikin da ya fi na mutum hamsin masu salati a tsaye.

Kada mu manta kuma motocin nan ba su da yawa. Jihar Legas ta kafa nata tsarin motocin agaji tun 2001, gwamnatin tarayya kuwa sai a 2022 ta ƙaddamar da tsarin ƙasa baki ɗaya, har yanzu kuma ƙauyuka da yawa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Mota ɗaya in ta makale a cunkoso, mutum biyu ta makale wa, da wanda ke ciki da wanda ke jiran ta dawo. Saboda ƙarancinsu ne ma yawancin marasa lafiyarmu a tasi ko a Keke ake kai su. In ka ga ƙaramar mota ta kunna fitilunta duka da rana tsaka, tana ta oda, wani ya fito da hannu ta taga yana roƙo, to, ita ma motar asibiti ce, jiniya kawai ta rasa.

Yanzu sai in koma kan tambayar da na ce wani zai yi, ina ruwan malami? Direban da ya kai shekara arba'in yana tuƙi a haka, da wuya ya sake, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma yaran da za a ba mu a aji, su ne 'yan acaɓa da direbobi da gwamnonin da za su hau hanyar nan bayan shekara ashirin. An kafa hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, tana da ofis a kowace jiha, ma'aikatanta kuma sukan je makarantu su yi lacca in an gayyace su. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nemi izinin hukumar makaranta a gayyato su kafin mu fita gwajin koyarwa. In mun je can kuma, darasin ba ya bukatar littafi ko kuɗi. A fita fili lokacin motsa jiki, a zana hanya a ƙasa da toka, yara goma su zama motoci, biyar su zama masu tafiya a ƙasa, ɗaya ya zama motar asibiti yana kuka da baki, a ga wanda zai fara kaucewa da inda zai kauce. Minti goma sha biyar sun isa, yara kuwa za su so shi fiye da tsalle-tsallen da muka saba sa su.