Zauren Kwamfuta: Yadda Waƙa Ta Shiga Memori

Tambayar wannan makon ta zo ne daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Aliero. Ta ce kakanta yana da kwali guda cike da kaset, kowanne bai ɗauki fiye da waƙa biyar ko shida ba, amma da yayanta ya kai memori shagon masu turi a Jega, sai ga waƙoƙin da suka fi na kwalin yawa sun shige cikin abin da bai wuce farcen yatsa ba, har da sauran wuri. Tana so ta san ina suke shiga, kuma wa ya fara wannan dabara.

Mu fara da lissafi, kowa ya ɗauko biro. Idan za a ajiye sauti a faifan CD, ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo yana cin bit 16, kuma ana yi wa kunnen dama nasa, na hagu nasa. Ku ninka 44,100 da 16, ku sake ninkawa da 2, za ku sami bit 1,411,200 a daƙiƙa ɗaya tak. A minti ɗaya ya kai kusan megabait 10. Ashe waƙar minti huɗu megabait 40 ke nan. Yau wannan ba komai ba ne, amma a shekarun 1990 faifan fulofi da ake yawo da shi megabait 1.44 kawai yake ɗauka, wato sai ka tanadi fulofi kusan 28 kafin ka ɗauki waƙa ɗaya. In kuwa ta layin tarho za ka jawo ta da na'urar intanet ta lokacin, za ka share fiye da awa uku kana jira. To ina ga waƙoƙin Ɗankwairo da wata takan haura minti goma sha biyar?

Waɗanda suka shawo kan wannan matsala injiniyoyi ne a garin Erlangen na ƙasar Jamus, a jami'ar garin da kuma cibiyar bincike ta Fraunhofer. Wanda aka fi ambata a cikinsu shi ne Karlheinz Brandenburg. Abin da ya burge ni da aikinsu shi ne kunnen ɗan Adam suka fara nazari kafin su taɓa kwamfuta. Kunnenmu yana jin sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma ko a cikin wannan iyaka ba komai yake kamawa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin ban ruwa a gonar albasa ya san in abokinsa ya yi masa raɗa ba zai ji ba. Raɗar tana nan, ta fito daga baki, amma ƙarar injin ta danne ta. Haka yake faruwa a cikin kiɗa. Idan aka buga ganga da ƙarfi, akwai ƙananan sautuka da ke kusa da ita waɗanda kunne ba ya ji, har ma da waɗanda suka biyo bayan bugun da ɗan ƙiftawa. Sai suka ce, tunda ba a ji, me ya sa za a ɓata wuri wajen ajiye su? Aka rubuta manhajar da ke tsince irin waɗannan sautuka ta watsar, sannan ta matse abin da ya rage.

Ba a dare ɗaya abin ya yi kyau ba. Brandenburg ya yi ta gwaji da wata waƙar mawaƙiyar Amurka Suzanne Vega mai suna Tom's Diner, wadda murya ce zalla babu kiɗa, kuma da farko muryar takan fito a gurɓace, domin babu ganga ko garayar da za ta rufa wa kuskure asiri. Ya saurare ta ba adadi yana gyara lissafinsa. A 1993 aka fitar da tsarin a matsayin ma'aunin duniya, sannan ranar 14 ga Yuli 1995 ma'aikatan Fraunhofer suka zaɓi harufan da za a riƙa liƙa wa ƙarshen sunan fayil ɗin, wato mp3. Waƙar nan tamu mai megabait 40 ta koma ƙasa da megabait 4 kaɗan, kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya.

Ga misalin da nake ba ɗalibaina. Matse sauti kamar shanya tumatir ne ya zama kauɗa: kwando guda ya koma 'yar leda. Amma ba a zuba kauɗa a miya haka nan, sai an jiƙa ta an niƙa. Shi ma fayil ɗin da aka matse, lasifika ba ta san abin da yake faɗa ba, sai an sami manhajar da za ta warware shi ta mayar da shi awon nan 44,100 a daƙiƙa. To a nan gizo ke saƙa. An yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana ɗauke da awo 1,152, kuma dole kwamfuta ta warware kusan gunduwa 38 a kowace daƙiƙa ba tare da ta makara ba. In ta makara ko sau ɗaya, sai ka ji waƙa ta yi in'ina. Kwamfutocin lokacin kuwa ba su da ƙarfin ko da ƙaramar wayar da ke aljihunku. Saboda haka da farko sai mutum ya sa kwamfuta ta warware waƙar gaba ɗaya, ya jira ta gama, ta koma ƙatuwarta ta cika masa ma'aji, sannan ya kunna.

A watan Satumba na 1995 Fraunhofer ta fitar da WinPlay3, manhaja ta farko da ke warwarewa tana kunnawa a lokaci guda a kan kwamfutar tebur mai Windows. Ba ta da wani kyan gani, 'yan maɓallai ne kawai da agogo, kuma sai an biya ake cin moriyarta sosai. Amma daga gare ta aka gaji ɗan fayil ɗin jerin waƙoƙi mai ƙarewa da m3u, wanda har yau manhajoji ke karantawa.

Daga nan sai samari suka karɓi abin. A 1997 wani ɗalibi ɗan ƙasar Kuroshiya, Tomislav Uzelac, ya rubuta tasa manhajar warwarewa mai suna AMP. A watan Afrilun shekarar, Justin Frankel, ɗan Amurka da bai cika shekara 20 ba, shi da Dmitry Boldyrev suka ɗauki AMP suka yi mata riga a kan Windows, suka haɗa sunayen biyu ya zama Winamp. Ita ce ta bazu kamar wutar daji. Tana da sauƙi, ba ta da nauyi, kana iya jera waƙoƙinka, ka ƙara amon ganga ko ka rage, ka sauya mata kama yadda kake so. A lokacin ana roƙon wanda ya ji daɗinta ya aika dala 10, amma ko bai aika ba ba ta daina aiki. A 1999 kamfanin AOL ya sayi ɗan kamfaninsu, Nullsoft, a kan kimanin dala miliyan 80. Ina faɗa muku wannan ne don ku lura da shekarun waɗannan mutane: sa'annin yayyenku ne da ke jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Aliero, wadda aka kafa a 2006.

Ni kaina a wani shagon buga takardu a Jega na fara ganin Winamp, ina ɗan sakandare, 'yan shekaru kaɗan bayan shigowar wayar salula a 2001. An aike ni in buga takarda, sai na tarar da mai shagon ya saki Shata daga cikin kwamfuta. Na duba ko'ina ban ga kaset ba. Wasu korayen sanduna ne kawai ke tsalle a fuskar kwamfutar suna bin kalangu. Na tsaya kallo har na manta da aiken, kuma na sha faɗa a gida. Daga irin waɗannan shaguna sana'ar turi ta samo asali: aka tashi daga faifai aka koma filashi, aka koma memori da Bluetooth, har yau da direban da ya ɗauko albasa daga Aliero zai bi ta Jega da Maiyama ya nufi kudu bai maimaita waƙa ko ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na ba tambayar nan shafi guda. Kauɗa ko an jiƙa ta kwana bakwai ba ta komawa ɗanyen tumatir. Abin da manhaja ta watsar lokacin matsewa ya tafi ke nan. In an matse sau ɗaya da kyau, kunne ba ya lura. Kuma kwafar fayil daga memori zuwa memori ba ta rage masa komai, ko sau dubu aka yi, saɓanin kaset da kowane kwafi ke ƙara masa shuu. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka sake matse abin da aka riga aka matse: wani ya rage girman waƙar don memori ya ɗauki da yawa, wani ya ɗora ta a bidiyo, wani ya ciro ta daga bidiyon, wani ya kara waya a bakin rediyo ya naɗa. Kowane zagaye sai an sake zubar da wani abu. Shi ya sa za ka ji tsohuwar waƙa a waya muryar mawaƙin kamar yana magana a cikin tulu, 'yan amshi sun cakuɗe, ba ka rarrabe kalmomi.

Ga sabbin waƙoƙi wannan ba matsala ba ce, asalinsu yana ajiye a situdiyo. Amma ku duba namu na da. Marigayi Gambu na Fagada a ƙasar Maiyama, wanda malaman jami'a suka yi ta rubutu a kan azancinsa, da Sani Aliyu Ɗandawo, da Ɗankwairo da ya rasu tun 1991, da makaɗan noma da na dambe da ba su taɓa shiga situdiyo ba, da karatun malaman zaure, da masu rera waƙoƙin Nana Asma'u da Abdullahin Gwandu a bakin kasuwa: da yawa daga abin da aka naɗa nasu yana kan kaset ne a kwalaye irin na kakan ɗalibarmu. Kaset kuwa zafi da ƙura suna cinye shi a hankali. Ni na yi wannan asara. Bayan an tura wa mahaifina karatun malaminsa a memori, sai muka ga kaset ɗin sun zama tarkace muka bar wa yara suna jan zaren. Da memorin ya lalace na koma neman wani kwafi, abin da na samu a wayoyin mutane rabinsa ba ya jiyuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Akwai asara ta biyu, wato ta suna. A 1996 wani mai suna Eric Kemp ya ƙirƙiro hanyar liƙa wa fayil ɗin mp3 ɗan bayani a wutsiyarsa, bait 128 kacal, inda ake rubuta sunan waƙa da na mawaƙi da shekara. Winamp tana karanta wannan bayani ta nuna shi yana wucewa a fuskarta, haka ma wayarku. Ku buɗe memorin gidanku ku ƙirga fayil nawa ne aka cike musu wannan gurbi. Mafi yawa za ku ga lambobi ne kawai, ko sunan shagon da ya tura. Yau kakanku zai ji murya ya ce wane ne, a bikin wane aka yi, shekarar da aka yi kaza. Nan da shekara ashirin wa za a tambaya?

Saboda haka ga aikin da na ba ku, musamman makarantun da ke da ɗakin kwamfuta da ƙungiyar Hausa. Ku nemi rediyo mai kaset da ke aiki, da wayar da ke haɗa ramin abin sauraro na kunne da ramin shigar sauti na kwamfuta. Akwai manhaja kyauta mai suna Audacity, tun shekarar 2000 ake amfani da ita, ita za ta naɗa muku. Ku fara ajiye abin da kuka naɗa a tsarin WAV, wanda ba a matse ba. Ƙato ne, kaset mai minti 60 zai ci sama da megabait 600, amma shi ne ɗanyen tumatir ɗinku, a adana shi wuri biyu. Daga jikinsa za ku fitar da mp3 na rabawa, kada ku sauko ƙasa da kilobit 128 a daƙiƙa. Kafin ku tashi, ku zaunar da mai kaset ɗin ya faɗa muku wanda ya yi waƙar ko karatun, da garin, da shekarar in ya tuna, ku rubuta a gurbin bayanin da kuma littafi. In mai muryar yana raye ko iyalansa suna kusa, a nemi izininsu kafin a watsa. Kaset ɗin kuma a mayar wa mai shi, a gaya masa ya ajiye a inuwa.

Makarantar da ta gwada, ta rubuto mana abin da ta samu da wahalar da ta sha, za mu buga a wannan shafi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa tambayar wani ɗalibi daga Maiyama kan dalilin da ya sa memorin da aka rubuta wa gigabait 32 yake cika tun bai ɗauki rabin haka ba.