TAKARDAR HARAJI DA MUDUN AUNA SHUGABA

A shekarar 1979, lokacin da Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo take shirin mayar da mulki ga farar hula, mutum biyar ne suka tsaya takarar shugabancin Nijeriya, watau Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN, da Cif Obafemi Awolowo na UPN, da Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP, da Malam Aminu Kano na PRP, da kuma Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP. Dokar zaɓe ta 1977 ta shar'anta cewa duk mai neman muƙami sai ya nuna shaidar ya biya harajinsa daidai kuma a kan kari cikin shekaru uku da suka gabaci zaɓen. To, da Hukumar Zaɓe ta Tarayya, wadda Cif Michael Ani yake shugabanta, ta zauna tace takardu, sai ta sami abin tuhuma a takardun mutum biyu daga cikin biyar ɗin nan, Dokta Azikiwe da Malam Aminu Kano.

Babu inda wannan magana ta fi dacewa a yi nazarinta kamar zangunan Hausawa na ƙasar Gabas, irin su na Inugu, da na Anaca da Fatakwal. Mazauna waɗannan wurare 'yan Arewa ne ta asali, 'yan Gabas ne ta sana'a da maƙwabtaka, don haka tuhumar ta taɓa su ta fuska biyu. Malam Aminu ɗan gida ne, jagoran talakawa tun zamanin NEPU. Dokta Azikiwe kuwa mutumin Anaca ne da aka haifa a Zungeru cikin 1904, ya tashi yana jin Hausa, kuma a ƙarƙashin tutar jam'iyyarsa ta NCNC ne Malam Umaru Altine, Bafillatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Wanda duk ya buɗe baki zai zargi ɗaya daga cikin mutanen nan biyu a kan haraji, tilas ya tuna cewa igiyar da ta ɗaure wancan ita ce ta ɗaure wannan.

Dokta Azikiwe ya kai ƙara Babbar Kotun Inugu, inda Babban Jojin Jihar Anambra, Mai Shari'a Emmanuel Araka, ya yanke hukunci a kan cewa ya cika sharaɗin doka. Malam Aminu shi ma kotu ce ta wanke shi a Kano, ana saura ƙiris a shiga rumfar zaɓe. Ranar 11 ga Agusta 1979 aka jefa ƙuri'a da sunayensu duka biyu. Shagari ya sami wajen ƙuri'a miliyan 5.7, Awolowo miliyan 4.9, Azikiwe miliyan 2.8, Malam Aminu kuma miliyan 1.7. Ta fuskar shari'a magana ta ƙare ke nan.

Amma fa abin tambaya shi ne, mene ne takardar haraji ta auna? Duk wanda ya san zaman Malam Aminu a gidansa na Gwammaja, ya san bai tara abin duniya ba, kuma ranar da ya rasu, 17 ga Afrilu 1983, har abokan hamayyarsa sun shaide shi da haka. Ga shi kuwa shi tarkon ya kama, alhali attajiri mai akanta da lauya yana iya shirya takardunsa tsaf, ya wuce ba wanda ya ce masa uffan. Ashe takarda tana nuna wanda ya iya tsara lissafinsa ne kurum. Ba ta da idon da za ta ga zuciya.

Idan ana neman inda aka yi wa amanar Dokta Azikiwe awo na sosai, sai a koma shekaru 23 baya, a wannan birni na Inugu, sa'ad da yake Firimiyan Jihar Gabas. A 1956 wani ɗan majalisa daga cikin jam'iyyarsa, Mista E. O. Eyo, ya zarge shi da cewa an zuba kuɗin jama'a fiye da fam 800,000 a bankin African Continental Bank, wanda shi Firimiya ne ya kafa shi, kuma kamfanoninsa suna cin bashi a ciki. Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila ya naɗa hukumar bincike a ƙarƙashin Babban Jojin Tarayya, Sir Stafford Foster-Sutton. Rahoton da ya fito a farkon 1957 ya amince cewa babban burin Azikiwe shi ne samar wa 'yan ƙasa bankin kansu a zamanin da bankunan Turawa suke yi wa baƙar fata rowar rance, amma ya ce yadda ya tafiyar da al'amarin bai kai abin da mutanen kirki suke sa rai daga shugaba ba, domin ya kamata ya raba kansa da bankin tun kafin kuɗin gwamnati su shiga.

Amsar da Firimiya ya bayar iri biyu ce. Ya sallama hannun jarinsa ga gwamnatin jiha, wannan kuwa abin yabo ne. Sa'an nan ya rushe majalisa ya koma wurin jama'a, kuma a zaɓen watan Maris 1957 NCNC ta dawo da gagarumin rinjaye. Magoya baya suka ce jama'a ta wanke shi. Sai dai ƙuri'a shaidar ƙauna ce da yarda, kuma mutanen Gabas suna da dalilansu na ƙin barin Bature ya kayar musu da gwarzo ana dab da samun mulkin kai. Yawan masu tafi bai taɓa goge abin da aka rubuta a littafin banki ba. Haka kuma Hukumar Coker ta 1962 ta soki Cif Awolowo a kan kuɗin hukumomin Jihar Yamma, mutanensa suka ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ce, ba su kuwa fasa binsa ba har ƙarshen ransa.

Akwai kuma tambaya ta uku wadda babu alƙalin da zai amsa ta, watau ta hangen nesa. Mutane da yawa sun so Dokta Azikiwe, wanda ya riƙe muƙamin Shugaban Ƙasa na farko daga 1963 zuwa 1966, ya zauna uban kowa. Sai ga shi yana da shekara 74 ya shiga NPP, jam'iyyar da ta riga ta dare, har wanda ya assasa ta, Alhaji Waziri Ibrahim, ya fita ya kafa GNPP. Masu kare shi suna nuna cewa takarar tasa ta ba mutanen Gabas murya shekara tara kacal bayan yaƙin basasa, ta kawo gwamnonin Anambra da Imo da Filato, sa'an nan ƙawancen NPN da NPP ya ba su kujerar Kakakin Majalisar Wakilai. Masu suka kuwa suna tunasarwa cewa ƙawancen ya watse a 1981, kuma uban ƙasa ya wayi gari yana na uku a fagen da bai kamata a gan shi yana kokawa ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma irin wannan muhawara halal ce a kan duk mai neman mulki.

Zamani ya juya, amma hali bai canja ba. Sashe na 131 na Tsarin Mulkin 1999 bai ambaci haraji ba cikin sharuɗɗan takarar Shugaban Ƙasa, sai rigima ta koma kan wasu takardun. A 2015 takardar makarantar Janar Muhammadu Buhari aka yi ta cece-kuce a kai. A zaɓen 2023 kuwa an tono wa Bola Tinubu batun dala 460,000 da aka sallama wa Gwamnatin Amurka a 1993, an tuna wa Atiku Abubakar rahoton wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka na 2010, an kuma ɗaga wa Peter Obi bayanan Pandora na 2021 a kan kamfanoni a ƙetare. Kowannensu ya musanta aikata laifi. Abin da ya fito fili shi ne, kowane rukuni ya haddace laifin ɗan takarar wani, ya yi laifi tudu ne da na nasa.

Ɗan kasuwar zangon Inugu ya san ƙa'idar da ta riƙe shi shekara da shekaru a garin da ba na kakanninsa ba. Mudun da ya auna wa ɗan'uwansa Bahaushe da shi, da shi yake auna wa Ibo, ran da ya ajiye mudu biyu kuwa, ran nan cinikinsa ya mutu. Haka ya kamata mai jefa ƙuri'a ya yi. Ya tambaya ko ɗan takara ya taɓa gauraya aljihunsa da baitulmali, ko maganarsa ta bara ta dace da ta bana, da kuma irin shawarar da ya yanke ranar da al'amari ya yi tsanani. Sa'an nan ya fara yi wa nasa gwanin waɗannan tambayoyi kafin ya kai su ƙofar na wani, domin wanda ya yafe wa ɗan garinsu cin amana, shi ne zai fara ɗanɗana kuɗarta idan mulki ya zo hannu.