GYARA KAYANKA: Ku saurari kukan mota



A wannan wata hirarmu bisa mota ce. Wani zai ce: ni ba ni da mota, ina ruwana? Da ruwanka, malam. Ita ke ɗaukar albasarka da wakenka zuwa kasuwa. Ita ke kai matarka asibiti cikin dare. Wasu ƙungiyoyin manoma ma sun haɗa kuɗi sun sayi tasu.

Makiyayi ya san kukan saniya mai neman ɗanta, ya san na wadda ba ta da lafiya. Mota ma haka take. Ba ta mutuwa sai ta yi kuka tukuna, kuma an fi jin kukan lokacin da direba ya taka wuta.

Wata Lahadi na shiga mota daga Yamai za ni cin kasuwar Balleyara, wajen kilomita 100 bisa hanyar Filinge. Duk sa'ad da direba ya taka wuta, sai mu ji ƙwal-ƙwal-ƙwal daga ƙarƙashin inji. Wani dattijo ya ce: "Yaro, motarka tana magana." Direba ya ce: "Baba, halinta ne." Sai ya ƙara muryar rediyo. Ba mu kai rabin hanya ba inji ya tsaya cik. Mai tumaki bai sayar ba, mai neman magani bai samu ba. Muka wuni gindin itace.

Ga kuka iri biyar da ya kamata kowa ya sani.

1. Ƙara mai tsini kamar ta ɓera, ƙiii. Galibi bel ne, wanda masu gyara a Yamai ke kira kuruwa. Ya saki ko ya tsufa. Shi ke juya abin da ke cika batir, kuma a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa. A kashe inji, a danna tsakiyarsa da babban yatsa. Idan ya lotsa fiye da santimita 1, a ɗaure shi. Idan ya tsattsage, a sake sabo. In ya tsinke cikin daji, inji zai yi zafi.

2. Ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, musamman wurin hawan tudu ko in kaya sun yi yawa. Mai ne ba ya ƙonewa daidai. Ko esansi ba shi da kyau, an gauraya shi da kananzir, ko inji ya yi zafi, ko saitin wuta ya goce. A koma ƙaramin bitesi, a rage kaya, a duba ruwa. Amma kada a buɗe murfin ruwa inji yana da zafi, tafasasshen ruwa zai watso wa mutum a fuska. In an bar wannan ƙara ta daɗe, tana cin fistan.

3. Ruri mai ƙarfi kamar na babbar mota. Bututun hayaƙi ne ya huje. Mutane suna raina shi, alhali yana kisa. Cikin hayaƙin mota akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. In ta shigo ciki, sai ciwon kai da jiri da barci su kama mutane, har da direba. A buɗe tagogi, a kai wa mai walda tun ranar.

4. Ƙas-ƙas-ƙas wajen ƙafar gaba, lokacin da mota ke shan kwana ana ba ta wuta. Wannan kardan ne, ƙarfen da ke juya ƙafa. A bakinsa akwai roba mai riƙe da giris. In robar ta yage, giris ya zube, rairayin hanyoyinmu ya shiga ya cinye ƙarfe. A riƙa leƙa robar nan. Sake ta ya fi sake kardan araha nesa ba kusa ba.

5. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, ƙwal-ƙwal, kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Shi ne muka ji a hanyar Balleyara. Yawanci baƙin mai ne ya ƙare ko ya tsufa, ƙarfe yana cin ƙarfe. In jar fitilar mai ta kama, a tsaya nan take, a kashe inji. Kada a ce bari mu lallaɓa zuwa gari na gaba. A jira kaɗan, a zaro sandar awo a duba. In an ƙara mai bugun bai daina ba, a ja motar da igiya zuwa gareji.

Ga kuma dabarar gano inda ciwo yake. A tsaida mota, a fidda bitesi, a ja birkin hannu, a taka wuta sannu sannu. In an ji ƙarar, to tana wajen inji ko bututun hayaƙi. In ba a ji ta sai ana tafiya, a nemi ciwon wajen ƙafafu da kardan. Wanda ya je gareji da wannan bayani, ba za a sa shi sayen abin da bai lalace ba.

Direbobi, kowace safiya ku duba baƙin mai da ruwa kafin ku ɗauki mutane a tashar Wadata ko wata tasha. Kuɗin bel bai kai na akuya ba, amma gyaran inji yana cinye kuɗin sa. Fasinjoji, in kun ji baƙon kuka ku faɗa wa direba da ladabi, rayukanku ne a ciki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.